Giɓin da Auta Ya Gano a Lissafinsa

Kura,
ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a filin jirgi ne ko a can ɗakin da suka ce sun tanadar maka. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki.

Na san za ka yi dariya ka ce Umma ga waya a hannunta, me ya kai ta rubuta wasiƙa. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, bakina ya fi sakewa in akwai biro a hannuna. Kuma ka san halina, in na fara magana a gabanka kuka ne yake riga ni, kai kuma ka sunkuyar da kai, a tashi ba a faɗi komai ba. Ba labarin gida zan ba ka ba, don har yanzu kana cikinsa, ina jin motsinka a ɗaki kana ta fama da jaka. Abin da ya faru a ranin nan nake so mu yi maganarsa. Kai ka wuce shi, ko kana nuna ka wuce shi. Ni ban wuce ba, don akwai wuraren da na yi kuskure a ciki, gara kuwa ka ji su a tsare ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Bari in faro daga baya kaɗan. Kana ƙaramin aji a firamare, wata Asabar zan kai wa Babanku abinci gonarsa ta bakin kanal a hanyar Bunkure, ka maƙale sai ka bi ni. Gonar tamu ta ɗan hau tudu, ruwa ba ya isa gare ta sai da inji. Babanku ya ɗora daron ruwa a kan katakon da injin ban-ruwan yake zaune, injin yana ta karkarwa. Ka tsuguna a gaban daron nan ka ƙi tashi. Fuskar ruwan ta yi wani zane, zobe cikin zobe, kuma zanen yana tsaye wuri ɗaya ba ya tafiya. Ka tambaye ni me ya sa. Na ce girgizar inji ce. Ka ce ai girgizar ta kama daron duka, to don me wani wurin yake rawa, wani wurin yana tsaye cik? Ni da nake koyar da lissafi a makarantar 'yan mata ban san amsar ba. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce ka taso ka ci abinci kada ya huce. Ka taso, amma kana ci kana waiwayen daron.

An ce a can za su ba ka ƙananan ɗalibai ka riƙa taimaka musu. Wata rana ɗayansu zai jefo maka tambayar da ba ka da amsarta. Ka ce masa ba ka sani ba, ku zauna ku nema tare. Ni sai a shekaruna na ƙarshe a aji na koyi faɗin haka, kuma a lokacin ne 'yan matan suka fi sakin jiki da ni.

Tambayar daron nan ce ta bi ka har jami'a a Kano, har digiri na biyu. Ranar da na matsa maka sai ka gaya min ainihin abin da kake yi, ka ce in ara maka turmina da wani duma da ba a fafe ba. Zan maimaita maka abin da na fahimta, kamar yadda nake sa ɗalibaina su maimaita min. In akwai inda na karkace, ka gyara min ta waya.

Ka ce in fara da fatar ganga. Kowace fata tana da muryoyinta na asali, daga mai kauri zuwa siririya, zuwa wadda ta fi ta siranta, haka nan ba iyaka. Kowace murya da irin zanenta, akwai inda fatar ke rawa sosai, akwai inda take tsaye, kamar dai ruwan daron. Ku masu lissafi kuma ba kwa tsayawa a kan shimfiɗaɗɗiyar fata, kuna neman muryoyin kowace irin fuska, mai tudu da mai lanƙwasa. Tambayar taku ita ce, in murya ta yi ta sirancewa, rawar tata bazuwa take yi ta game fuskar daidai wa daida, ko kuwa tattaruwa take yi a wani wuri?

Sai ka ce amsar tana wurin kiyashi. A ɗora shi a kan fuskar, a ce ya yi ta tafiya gabansa, kada ya karkata dama ko hagu. A kan duma, duk inda ya dosa zai zagayo ya dawo inda ya tashi, kuma in biyu suka tashi kusa da juna ba sa yin nisa, za su sake haɗuwa. A irin wannan fuskar ana samun siraran muryoyi da suke liƙe wa zagaye ɗaya kamar ɗamara, sauran jikin duman shiru. Daga nan ka dafa ƙugun turmin, inda ya tsuke, ka nuna min lanƙwasa biyu masu saɓa wa juna: in ka zagaya ƙugun yana rufewa, in ka bi tsawonsa yana buɗewa. Kiyashin da ya bi ƙugun daidai zai yi ta zagaye, amma wanda ya kauce da kaurin gashi zai yi ta nisa da shi har ya ɓace sama ko ƙasa. Ka ce in yi tunanin rufaffiyar fuska wadda duk inda ka dafa a jikinta irin ƙugun turmi ne. A kanta kusan duk kiyashin da aka saki sai ya yi yawo ya taka ko'ina. Kuma manyan da suka gabace ku sun tabbatar cewa a irin wannan fuskar kusan duk siraran muryoyi bazuwa suke yi daidai.

Na ce to ai an gama. Ka ce a'a, "kusan duk" aka ce. Ban da a wasu 'yan siffofi na musamman, ba wanda ya iya kore cewa akwai 'yan tsirarun muryoyi masu taurin kai da za su fi taruwa a kan irin hanyar ƙugun nan. Aikinka shi ne ka cire kalmar "kusan" a kan wani sabon rukunin siffofi. Na yi dariya na ce duk wahalar nan kan kalma ɗaya ce ashe. Amma na gane. Na sha jan layi da jan biro a ƙarƙashin irin wannan kalmar a takardun ɗalibai.

Da damina ta ja baya ka kira ni ka ce kana ganin ya fita. Malaminka na Kano ya karanta ya ce bai ga aibu ba. Ya tura wa wata farfesa a Turai da ta daɗe a wannan fagen, ba a jima ba ta amsa cewa tana so ka je ka yi digiri na uku a hannunta, karatu da masauki duk a kansu. Abu ɗaya ka roƙe ni, kada in baza, don ba a gama tantance aikin ba.

Na baza. Na fara da Yaya Hajara a wurin suna a Bunkure, na ce ita kaɗai zan gaya wa tunda yayata ce. Daga nan sai tsofaffin abokan aikina, sai matan Islamiyyarmu, har mai adaidaita sahun da ya dawo da ni daga kasuwa sai da ya ji. Kuma kowace faɗa labarin ƙara girma yake yi a bakina. Ya tashi daga "wani rukunin siffofi" ya koma "abin da ya gagari malaman duniya". Ni da na san bambancin "duk" da "kusan duk", ni ce na zama mai ƙara gishiri. Ba a daɗe ba masu injin casa na bakin titi suka fara kiran ka Farfesa, liman ya sa ka a addu'a bayan sallar Juma'a.

Abin da ba ka gama tabbatarwa ba, Auta, ka riƙe shi a bakin girmansa. In ƙarami ne ka ce ƙarami ne. Ka kuma lura da wanda kake gaya wa. Mai son ka ya fi kowa saurin kumbura maka labari, don daɗin da yake ji ba ya barin sa ya auna. Ban yi don in cuce ka ba, amma duk mutumin da na gaya wa wani nauyi ne na ɗora maka, ba mu san yawansa ba sai ranar da aka zo saukewa.

Lokacin cirar albasa ka dawo daga Kano ba zato, da 'yar jakarka, ka ce hutu ka zo. Tun daga yadda ka gaishe ni na san ba hutu ba ne. Ba ka buɗe kwamfutarka ba. Kullum da sassafe ka bi Babanku gona, ka yi ta cira da yankan ganye tare da 'yan aiki har hannunka ya yi kanta, kai da rabonka da gona tun kana sakandare. Babanku ya ji daɗi da farko, yana cewa ashe boko bai cinye masa ɗa ba. Ni kuwa ina kallon kwanonka yana dawowa da abinci a ciki.

Wata rana bayan la'asar ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, ka jawo kujera 'yar tsuguno ka zauna kusa da ni, ka sa hannu a faifan kana taya ni. Can ka ce:

"Umma, aikin nan akwai giɓi a cikinsa."

Na tambaye ka ƙarami ko babba. Ka ce a tsakiya yake, duk abin da ya biyo baya a kansa ya jingina. Ka bayyana min a hankali, muryarka ba ta rawa, hannunka ne kawai ya daina tsintar. Ka ce abin da ya haɗa tafiyar kiyashi da murya shi ne, in ka dunƙule siririyar rawa wuri ɗaya ka sake ta, miƙaƙƙiyar hanya take bi kamar kiyashin. Amma na ɗan lokaci ne. Tunda a fuska irin ƙugun turmi maƙwabtan hanyoyi saurin rabuwa suke yi, dunƙulen yana ta yaɗuwa, har a kai lokacin da ba za ka ƙara iya cewa ga hanyar da yake bi ba. A wani shafi ka ci gaba da bin sa bayan wannan lokacin ya wuce, ba ka lura ba. Malaminka ma bai lura ba. Kai ne da kanka ka gani, kana sake bin aikin don shirya jawabin da za ka yi in ka isa. Ka yi ta ƙoƙarin cike giɓin a Kano har ka tabbata ba zai ciku ba, shi ne ka taho gida.

Na tambaye ka wa ya sani. Ka ce ban da kai, ni kaɗai ce na sani.

Sai na ce ka yi shiru da maganar. Na ce ka bari ka isa tukuna, ka zauna a kujerarka, sannan ka faɗa a can. Ai ba ƙarya ka yi ba lokacin da aka tura, kuma wa ya sani ko kafin nan ka gyara. Na jero maka dalilai masu kyau, don ni ma na iya jera hujja. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce:

"Umma, da ɗalibarki ce ta zo miki da wannan, haka za ki ce mata?"

Na ce ɗalibata daban, ɗana daban. Na ɗauki faifaina na shige madafa, na bar ka a zaune.

Ina hura wuta ina tuhumar kaina. Tsoro biyu ne a raina. Na farko kada ka rasa wurin da ka sha wahala kafin ka samu, kuma wannan tsoron uwa ne, ba na jin kunyarsa. Na biyun kuwa fuskar Yaya Hajara ce da ta abokan aikina, da yadda zan buɗe baki in ce musu abin da na faɗa ba haka yake ba. Da na auna sai na ga na biyun ne ya fi yin magana a bakina a tsakar gidan nan.

Don haka ka riƙa auna shawara, ko daga wa ta fito, har da ni. Ba sai maƙiyi ne yake ba da gurguwar shawara ba. Wanda yake son ka yana iya ba ka ita da zuciya ɗaya, yana ganin kare ka yake yi, alhali rabin abin da yake karewa nasa ne. Ka saurare shi da ladabi kamar yadda ka saurare ni, sannan ka yi abin da ka san shi ne daidai. Ba ka ɗaga min murya ba ranar nan, ba ka kuma bi ni ba. Na daɗe ina tunanin yadda ka iya haɗa biyun.

Washegari ka gaya wa Babanku a gona. Shi ya ba ni labari da ya dawo. Ya ce ya tambaye ka ko zai gyaru kafin tafiya, ka ce a'a. Ya tambaya ko saboda wannan aikin matar ta ba ka wurin, ka ce galibi saboda shi ne. Sai ya ce shi bai san lissafi ba, kai ka san abin da ke ciki, duk abin da ka yanke yana bayanka. Ya koma kan albasarsa. Kai kuma ka je gindin darbejiyar bakin kanal, inda waya ta fi kamawa, ka kira malaminka, sannan ka rubuta wa farfesar ka nuna mata shafin da layin.

Ran malaminka ya ɓaci, ba da kai kaɗai ba, har da kansa, tunda da sa hannunsa aka tura. Ya ce ka ba shi lokaci ya duba. Da ya duba ya kira ka ya ce gaskiyarka ce, kuma shi ma zai rubuta mata ya ɗauki nasa kason. Ka riƙe mutumin nan, Auta. In ka je ka ga manyan malamai da manyan ɗakunan karatu, kada ya ƙanƙance a idonka. Ka riƙa kiran sa kana gaishe shi ko ba ka da buƙatar komai.

Daga Turai kuwa shiru. Aka gama albasa, aka loda ta a mota, aka fara gyaran gonar shinkafa, shiru. Takardar da ake jira don neman biza a hannunsu take. Wani abin mamaki, kai ka fara cin abinci, ni ce na daina. Kana dawowa daga gona ka yi wanka ka buɗe kwamfutarka, kana duba abin da ya tsira daga aikin, har wani lokacin in ji ka kana 'yar waƙa. Ni duk ƙarar da wayarka ta yi sai in ajiye abin da nake yi in kasa kunne.

Cikin zaman jiran nan ne na ga ba daidai ba ne kai ka janye maganarka a gaban farfesa, ni in bar tawa tana yawo a gari. Na saka mayafina na tafi tsohuwar makarantarmu lokacin hutun tara, na sami malaman a ofis. Na ce musu labarin da na kawo kwanaki na ƙara masa abin da ba ya ciki, kuma ainihin aikin ma an samu kuskure, kai ne ka gano ka faɗa, yanzu ba mu san ko za a yi tafiyar ba. Wani ya yi ɗan murmushin da ban so ba, wannan kam na gani. Sauran suka yi maka addu'a, malamin kimiyya ya so in nuna masa inda kuskuren yake, na zana masa ƙugun turmi a bayan wata takarda. A Bunkure, Yaya Hajara ta saurare ni ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta tambaya ko kana cin abinci, sannan ta shiga ba ni labarin tumatirinsu da ya lalace a gona don rashin masu saye. Mutanen da na so ka ɓoye gaskiya saboda su, kowa da abin da ya dame shi. Masu injin casa ma har yau Farfesa suke kiran ka, ba na jin sun taɓa sanin dalili.

Ranar da amsar ta zo ka same ni ina shanya, ka karanta min ita a tsaye, kana juya min da Hausa. Farfesar ta ce ta duba, giɓin gaskiya ne, babbar maganar da ka yi ta faɗi, kuma ba ta ga hanyar tayar da ita nan kusa ba. Ta ce ba kai ne na farko da ya zame a daidai wurin nan ba, ita ma da ta karanta ta wuce shafin ba ta tsaya ba. Ta kai maganar gaban kwamitinsu, shi ya sa aka daɗe. Ba su janye wurin ba, amma sun sauya shi: za ka fara da shekarar gwaji, a ƙarshenta ka yi jarrabawa a gabansu, in sun gamsu ka ci gaba, in ba su gamsu ba ka dawo gida. Ta kuma ce akwai wani ɗan yanki a farkon aikin, inda ka bi rawar cikin lokacin da ya halatta a bi ta, wanda yake tsaye da ƙafarsa, daga nan za ku fara.

Na zauna a kan bokiti na yi kuka, ka tsaya kana riƙe min zanin da ban gama shanyawa ba. Ba abin da muka zata da farko ba ne. Da za ka tafi a matsayin wanda ya warware matsala, yanzu za ka tafi a matsayin wanda za a gwada. Amma za ka shiga ofishin matar nan ba abin da kake ɓoye mata, ita ma ta san irin wanda ta ɗauka.

Ina so ka san cewa za ka sake yin kuskure a can. Irin aikin da ka zaɓa ke nan, a yi ta gini wata da watanni sannan a ga layi ɗaya ya rushe shi. In hakan ta faru kada ka yi abin da ka yi a Kano, ka kulle kanka kana fama kai kaɗai har ka rame. Ka faɗa da wuri, tun yana ƙarami. Ka samu aboki ko biyu cikin 'yan uwanka ɗalibai waɗanda za ku riƙa nuna wa juna aikin da bai nuna ba, ba tare da kunya ba. In wani ya gano kuskurenka ka gode masa ko da ranka yana zafi. In kai ka gano na wani, ka same shi shi kaɗai ka gaya masa, kada ka jira sai ya tsaya a gaban jama'a.

Sauran kuwa ka san su, amma uwa ba ta gajiya da maimaitawa. Ka tsare sallarka a kan lokaci. An ce can rana takan yi tsawo ta kuma gajarce yadda ba mu saba ba, ka nemi musulmin wurin su nuna maka yadda suke yi. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a yini, kada ka rayu a kan burodi da shayi. Na sa maka kuka da daddawa da yaji a ƙasan jaka, in jami'an filin jirgi sun ce ba a shiga da su ka bar musu, kada ka yi gardama. Rigar sanyin da ka saya a Kano ba za ta ishe ka ba, ka sayi wata da ka isa. Ka riƙa fita kana taka ƙasa, kana gaisawa da maƙwabta ko addininku ba ɗaya ba. Ka riƙa kiran Babanku a wayarsa, ba sai ta hannuna ba. Ba zai yi doguwar magana ba, zai tambaye ka sanyi da abinci ya ce to madalla, amma zai kwana biyu yana ba mutane labari a majalisa.

Ya ce ba zai raka ka filin jirgi ba, wai gobe ne za a sako musu ruwa a layinsu, ba zai bar wa 'yan aiki ba. Ni da shi mun san ba ruwa ba ne. Ɗazu da zai fita ya gan ni da biro, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hularsa, ya tambaya ko kai nake rubuta wa. Na ce e. Sai ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa, kada in gyara masa:

"Ki ce masa in shekarar ta ƙare suka ce bai yi ba, ya hau jirgi ya taho. Kada ya tsaya can yana jin kunyarmu. Ba mu aike shi ya kawo mana komai ba."

Ya faɗa ya fice, bai jira na amsa ba. Na rubuta yadda ya ce, kuma ni ma bakina ke nan.

Allah ya yi maka albarka, Auta. Allah ya buɗe maka abin da ya rufu, ya ba ka haƙurin abin da bai buɗu ba. Ya tsare ka a sama da ƙasa, a cikin sanyi da kaɗaici, ya kare ka daga sharrin mutum da na zuciya. Ya sauke ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri. Mun yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mana. Na bar ka a hannun Allah.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Ummanka.